Goro a Tasar Tsohuwar Siyam

Ni dai tun ina yarinya bakina bai taɓa zama banza ba. In babu magana a ciki to akwai goro, sau da yawa ma duka biyun. Da goro a kumatu na baro ƙasar Kano ina amarya, da shi na ratsa Cadi da Sudan a bayan maigidana, mu yi tafiya mu tsaya ƙodago, har Allah ya sauke mu a Makka. Muka kafa 'yar rumfarmu ta gwangwani da buhu a unguwar Mansur, inda 'yan'uwanmu suke. Shi yana sayar da ruwa, garwa biyu a sanda, ni kuma ina wanki ina suyar gyaɗa. Larabawa Takari suke ce mana ko daga ina muka fito, kamar yadda duk wanda ya zo daga can gabas da zane a ƙugu suke ce masa Jawa.

A shekarun babban yaƙin nan da ya hana jiragen ruwa zuwa Jidda ne muka yi sababbin maƙwabta, wata tsohuwa da ɗanta, mutanen Siyam, ƙasar da yanzu ake kira Tailan. Ɗan ya zo karatu ne a Harami, ya taho da uwarsa ta sauke farali, sai yaƙi ya rufe musu hanyar gida. Aiken da ake yi musu ya yanke, ya koma ɗinki, suka bar ɗakinsu na kusa da Harami suka gangaro cikinmu talakawa. Tsakanin tsakar gidanmu da nasu shingen gwangwani ne kawai, kuma akwai wata 'yar huda a jiki. Ba ni na huda ba, amma ba zan ce ban faɗaɗa ta ba.

Ta hudar nan na hango tsohuwar wata safiya, 'yar firit da ita, tana zaune a tabarma. Ta jawo wani gwangwani ta tofa abu a ciki, ja wur, kamar an yanka kaza. Can an jima ta ƙara. Na ce innalillahi, tari ya cinye huhun baiwar Allah, ga ta a baƙon wuri babu 'ya mace a kusa. Kafin azahar duk matan unguwa sun ji daga bakina cewa tsohuwar Jawa ba za ta ga azumi ba. Na dama kunun kanwa, na karɓo rubutu wurin malamin layinmu, na yafa mayafi na shiga.

Larabcinta na kasuwa ne, nawa na bakin famfo, abin da ya gagari baki hannu ke ƙarasawa.

"Salamtik, ya sitti," na ce, ina durƙusawa, sitti kuwa kaka ke nan a bakin Larabawa. "Sannu da jiki. Allah ya sa kaffara ne."

Ta dube ni, ta dubi kwanon kunu. "Ishbiki, ya binti? Wa ba shi da lafiya?"

Na nuna gwangwanin, na dafa ƙirjina, na yi tarin ƙarya. Da ta gane, sai ta kece da dariya har tana dukan tabarma. A nan na ga haƙoranta, baƙaƙe ƙirin kamar gindin tukunya, suna sheƙi. Na ƙara tsorata, na ce ashe cutar ta kai har nan.

Da dariyar ta sake ta, sai ta jawo wata tasar tagulla mai murfi ta buɗe. A ciki akwai 'yan ƙananan kwanoni jere. Ta zaro wani ganye kore mai kamar na barkono amma ya fi faɗi, ta lakato nura, farar ƙasar nan da ake shafe bango da ita, ta shafa masa. Ta yanko wani ɗan itace mai tauri da wani almakashi, ta ɗora, ta naɗe tsaf kamar laya. Ta ce su suna kiransa mak, Larabawan kasuwa kuma tambul. Akwai kuma garin taba da take gogawa a haƙori ta maƙale a leɓe, shi wannan a ƙarƙashin tabarma yake kwana, saboda masu sandar hana taba na lokacin ba su san tsufa ba. Ta miƙo mini naɗin.

To ni da goro ya san ni na san shi, ina zan ji tsoron ganye? Na jefa a baki na hau tauna da fankama. Yawu ya taru, da yawa kuwa. Mai cin goro ba ya tofarwa, ai ruwan shi ne amfanin, sai na haɗiye. Ta ɗaga hannu tana cewa "La, la!" amma aikin gama ya gama. Maƙogwarona ya shaƙe, zufa ta karyo mini, shingen gwangwani ya fara zagaya ni, shaƙuwa ta kama ni ba ƙaƙƙautawa. Na zube a tabarmar majinyaciyar da na zo dubawa. Ita ta tallafo kaina ta ɗura mini rubutun da na kawo mata, ta bi da kunun, tana yi mini fifita tana dariya.

A haka maigidana ya same ni, an je an kira shi daga bakin famfo. Ya ga bakina jajur, ya yar da sandar ruwa. "Ke, wa ya fasa miki baki?"

"Ba kowa, Malam," na ce. "Ganye na ci."

"Ganye? Akuya ce ke?"

Washegari na rama. Na kai mata ɓarin goro, ta tauna, fuskarta ta yamutse, ta jawo gwangwaninta tana jiran abin tofarwa, shiru. Na ce haɗiyewa ake yi. Ta ce mutanen da ke haɗiye irin wannan ɗacin, ba abin da ba za su iya jurewa ba. Na ba ta ruwa ta kurɓa, ta ji zaƙin nan da ke biyo bayan goro, ta ɗaga gira. Daga ranar kullum bayan la'asar ina gidanta, ita da ganyenta ni da gorona, ita tana tofarwa ni ina haɗiyewa, kowa na ganin ɗan'uwansa bai waye ba.

A zaman nan na ji labarin bakin mutanen Siyam. Ta ce a can baƙo ba ya zama ba a tura masa tasa ba, ko gidan maƙiyi ya shiga. Yarinya da ta tasa sai ta fara rina haƙori, domin farin haƙori na kare ne. Ta faɗi haka tana kallon nawa, ta ce ni dai goro ya ɗan rufa mini asiri. Na ce mu ma muna goga fure haƙori ya yi ja, ta ce to kun kama hanya. Ta ce mazansu manoma suna da wani ganyen itace da suke taunawa kafin su shiga rana, mutum ya wuni yana aiki bai ji gajiya ba, har iyaye kan fi son bai wa mai cin ganyen nan 'yarsu, wai ba ya ƙiwa. Wanda ba a so shi ne mai zuwa ɗakin afyun, wani baƙin danƙo da ake zuƙar hayaƙinsa a kwance, mutum ya sayar da saniya da gona ya rame ya zama kara. Ƙaninta haka ya ƙare, kuma ba ta son a daɗe a kan zancensa. Na tambaye ta ko nata ganyen ba ɗan'uwan waɗancan ba ne. Ta harare ni ta ce nata ladabi ne. Na ce haka ni ma nake cewa game da goro, amma ran da ya yanke mini ko sallama ba na amsawa da daɗi.

Wata rana wani mutuminsu da ya samu ya ɓullo ta ƙasar Hindu ya kawo labarin cewa masu mulki a Siyam sun hana cin mak, suna sa a sare itatuwansa, wai don mutane su yi kama da Turawa, har mata sai sun sa malafa kafin su shiga kasuwa. Ranar tsohuwar nan ta yi faɗa da harshensu tun la'asar har aka kira magariba, ban gane ko kalma ɗaya ba amma na taya ta da "Wallahi kuwa." Da ta huce ta ce gara da yaƙi ya tsare ta a nan, ko ba komai ba wanda zai sa mata malafa.

Amma nan ɗin ma ganye ya ƙare. Da daga Hindu ake kawo shi a jirgi, jirgi kuwa babu. Abin da ya rage mata shi ne ɗan tsiro ɗaya da ɗanta ya roƙo mata wurin wani Bahinde a Jidda, ta dasa a garwa, ta yi masa rumfar buhu, ta kafa masa sanda yana hawa. A rana irin ta Makka, raya abin nan ya fi renon jariri wuya. Maigidana kan rage ɗan ruwa a gindin garwarsa ta ƙarshe ya zuba masa, yana gunagunin cewa bai taɓa ganin ganye mai shan ruwan saye ba. Ita kuma takan tsinki ɗaya ta raba biyu, rabi yau rabi gobe.

Sai maganar aure ta taso. Ɗan nata ya ga wata yarinya 'yar ƙasarsu, suna zaune can unguwar Zahir. Yarinyar ma tana so, don kullum ƙaninta na kawo riguna gyara, rigunan da ba inda suka yage. Uban ya yarda, uwar ta yarda. Amma gidan na hannun kakar yarinyar ne, ita kuwa ta ce ba ta san wani neman aure da baki ba. A al'adarsu tasa ake kaiwa a rufe, cike da ganye, a ajiye gaban babbar gida ba a ce komai ba. In ta buɗe ta tauna, an ba da 'ya. In aka yi ta hirar zafi da tsadar shinkafa har tasa ta koma a rufe, an hana ke nan, kuma ba wanda ya ji kunya. Kakar ta ce in tasa ba ta zo ba kafin sallar layya, za ta tura yarinyar Madina wurin kawunta, shi ma yana da ɗa namiji.

Maƙwabciyata ta nuna mini ƙafafunta, sun kumbura sun yi sumul. "Ya binti, ni ba zan koma Siyam ba, na sani. Ba na so in bar yaron nan shi kaɗai da keken ɗinki."

Daga ranar ta daina taɓa tsiron, ko rabin ganye, don ya cika tasa. Wai matar da tun kafin ta yi wayo take tauna abin nan. Sabo turken wawa, in ji Hausawa, ni kuwa na ga yadda turken ke jan mai hankali ma. Ta dinga hamma kamar bakin zai yage. Ta yi faɗa da kajina, ta yi faɗa da ɗanta don ya yi atishawa, ta yi faɗa da rana. Takan idar da sallah ta tambaye ni raka'a nawa ta yi, ni da nake bayan shinge. Da yamma sai ta zauna gaban garwar tana kallon ganyen tana motsa baki babu komai a ciki. Na tausaya mata ƙwarai, amma wani lokacin sai na koma gida in toshe baki da mayafi in yi dariyata.

Ganye ya yi kyau, sallah ta matso, har an goge tasa da toka da lemun tsami. Sai wata hantsi gari ya yi duhu, muka ji yara na ihu, "Fara! Fara!" Unguwarmu ta Takari ta kaure da murna, don mun daɗe ba mu ga nama ba. Kowa ya fito da buhu da ƙwarya da zane, har tsofaffi. Ni na cika buhu guda, na zuba a ruwan zafi, na soya da gishiri da barkono, ƙamshi ya cika layi. Na zaɓi manya masu ƙwai na cika kwano, na ce bari in kai wa sitti ta wartsake bakinta.

Na shiga da guɗata ina cewa Allah ya kawo mana arziki daga sama. Tana zaune gaban garwar. Ta lulluɓe tsiron da zanenta tun da fari, amma sun shiga ta ƙasa. Sandar ce kawai a tsaye da ɗan siririn kara a naɗe, ko ɗigon kore babu. Ni kuma ga ni tsaye a kanta da ɓarayin a kwano, da barkono a jikinsu. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Ta daɗe tana kallon kwanon. Sannan ta sa hannu ta zaɓi wadda ta fi ƙiba, ta ɗaga ta. "Wannan ita ta fi ci," ta ce. Ta jefa a baki ta tauna a hankali. "Ko ɗanɗanon ganyen babu. Haramiya, ɓarauniya." Ta ƙara ɗaukar wata, hawaye na bin kumatunta. Na zauna muka cinye kwanon tare, ni ma ina kuka.

To akwai abin da ko maigidana bai sani ba. Wani ɗan garinmu da ya zo ta mota har Sudan ya haye a kwalekwale, ya kawo mini ɗanyen goro, fari da ja, a lokacin da busasshe mai kamar tsakuwa ma nema yake ya gagara. Na binne shi a tulu cikin jiƙaƙƙen buhu, ina ɓantarar kamar farce kullum, na yi lissafin zai kai ni wata da watanni. Na wuni ina wanki ina gardama da zuciyata. Ta ce mini ai ba ɗanki ba ne, na ce na sani. Da la'asar na kwashe shi duka a zane, ban da ɓari ɗaya, na kai mata.

"Sitti, a garinmu goro ne ke neman mata. Ni ma da shi aka nemo ni, kuma ga ni har yau ban gudu ba."

Ta girgiza kai, ta ce waccan tsohuwar ba ta san goro ba, kuma taurin kanta ya fi na jaki. Can sai ta kira ɗanta ta tambaye shi yaushe rabon gidan Zahir da ganye. Ya ce tun bara. Na ga baƙaƙen haƙoran nan sun fito a hankali.

Muka tafi da sassafe, ita a kan jaki saboda ƙafa, ni da tasa a ka, an rufe ta da kyakkyawan ƙyalle. Kakar yarinyar babbar mace ce, babu haƙori ko ɗaya a bakinta. A cinyarta akwai wani ɗan turmin ƙarfe kamar tsawon yatsa, wanda marasa haƙori ke daka ganyen a ciki, babu komai a ciki amma tana ta ƙwanƙwasa shi. Aka gaisa, aka kawo shayi, na sauke tasa a gabanta. Ta shinshina. Abin da suka faɗa da harshensu daga baya aka fassara mini.

"Ban ji ƙamshin ganye ba."

"Fara ta riga ki, yaya."

"To mene ne a ciki?"

"Abin da mutanen maƙwabciyata ke neman aure da shi. Shi ma yana rina baki."

Kakar ta kau da kai, ta kama zancen zafi. Ni kuwa na san ma'anar zancen zafi. Sai maƙwabciyata ta zungure ni da gwiwar hannu, kamar yadda muka shirya a hanya. Na kwance bakin zane na ciro ɓarin da na rage, na gatsa. Ɗanyen goro kuwa ƙara gare shi. Na yi ta tauna ƙaras ƙaras, ina lumshe ido, ina kaɗa kai, uwata da ta gan ni da ta mare ni saboda rashin kunya a gidan mutane. Kakar tana zancen tsadar shinkafa amma idonta na kan bakina. Can na ga muƙamuƙinta ya fara motsi shi kaɗai. Zancen shinkafa ya yi rauni, ya tsaya. Hannunta ya tafi ya ɗaga murfin.

Ta ɗauki fari, ta juya shi, ta ɓare, ta jefa a turminta. Sannan ta lakato nura ta zuba a kai. Nura a kan goro! Na buɗe baki zan yi magana, maƙwabciyata ta take mini ƙafa. Kakar ta daka ta ɗura a baki. Fuskarta ta tattare wuri ɗaya, ta fara waige-waigen gwangwanin tofi.

"Ibla'i, ya sitti!" na ce. "Haɗiye!"

Ta haɗiye. Na miƙa mata ruwa ta kurɓa, ta hau tanɗar baki. Sannan ta ce wannan abin banza ne, ko ƙafar ganye bai kama ba, kuma ba ta san me ya sa mutane ke wahalar da kansu ba. Tana faɗa tana jawo tasar, ta tura ta ƙarƙashin cinyarta ta rufe da zane. A bayan labule wata ta yi 'yar dariya. Ni kuwa na rangaɗa guɗa irin ta gidanmu, har jakin da ke ƙofa ya tsorata.

Daga baya aka dawo da tasar wayam, aka ɗaura aure bayan sallah. Maƙwabciyata ta zauna a tsakiyar mata da ƙafafunta a miƙe, tana ba da umarni ga kowa, har da kakar amarya. Ni na yi watanni ina gwaguyar aswaki, ina faɗa da kaji kamar yadda ta yi, ita kuma tana leƙo ni ta hudar shinge tana dariya. Amarya ta tare, tana shafa mata mai a ƙafa kullum. Ba ta ga dawowar jirage ba. Ta rasu cikin zafin shekarar da ta biyo, aka kai ta maƙabartar Ma'ala, ban sake zama a tabarmar la'asar ba.

Bayan yaƙi ya ƙare, wata rana ina shanya sai ga ɗan da matarsa, da jariri a kafaɗa. Ya ajiye tasar tagulla a gabana, ya buɗe. Ganye ne kore shar, na jirgin farko. Ya ce ita ta bar wasiyya, ganyen farko da ya sauka a kawo mini a tasarta, tasar kuma tawa ce. "Ta kuma ce, ya hala," wato inna, "a tuna miki, tofarwa ake yi."

Da suka tafi na zauna na shafa nura, na yanka ɗan itacen, na naɗe kamar yadda na ga tana yi. Na tauna, yawu ya taru, ga gwangwani a kusa da ni. Na haɗiye.

Maigidana ya shigo da sandar ruwa ya same ni a kwance, baki jajur, fuska sharkaf da hawaye. Ya dubi tasar, ya dube ni.

"Kin sake haɗiyewa?"

"Na haɗiye, Malam."

Ya sauke garwarsa, ya ɗauki mafici ya zauna kusa da ni.